Amsoshin Tambayoyinku: Camfi a Fagen Wasan Kwaikwayo

Wani mai sauraronmu daga Wudil ta jihar Kano yana tambaya: shin 'yan wasan kwaikwayo ma suna da camfe-camfe?

To malam, suna da su ƙwarai. A Ingila, 'yan wasa ba sa ambaton sunan Macbeth, wasan da Shakespeare ya rubuta wajen 1606, in suna cikin zauren wasa. Sai dai su ce wasan Sikotilan, wai kiran sunan na jawo masifa. Tarzomar da ta ɓarke a Niyok a 1849 ana tsakar nuna shi, har mutum fiye da 20 suka rasu, ta ƙara wa camfin ƙarfi. Haka kuma ba a yin fito a bayan dandamali. An ce asalinsa, masu jan igiyoyin labule da fito suke ba juna umarni, saboda haka fiton ganganci na iya sa a sako kaya a kan mutum.

A ƙasar Hausa kuwa, wasanninmu na gargajiya sun daɗe da irin wannan. Gardawa masu wasa da kura da 'yan tauri ba sa shiga fage sai da layu da guraye. 'Yan bori kuma na ɗaukar atishawa a matsayin alamar iska ya sauka. Ko tatsuniya ma, manya kan hana yin ta da rana, dabarar da ke hana yara shashantar da aiki.

Malaman addini dai sun yi hani da camfi. Da fatan ka gamsu.