Darasi: Diyyar da aka karɓa a baya da kuɗin inshorar gida

Iyayena da yayyena, kun san yadda asusun taimakon gaggawa na ƙungiyarmu yake tafiya. Kowa na zubawa, wadda matsala ta sama a cire a ba ta. To amma idan mace ɗaya ce kullum take zuwa, ai sai an fara tambaya. Inshorar gida ma haka take, sai dai su kamfanoni ba sa tsayawa a tambaya, ƙarin kuɗi suke yi.

Duk shekara ake sabunta inshorar gida. Kafin kamfani ya yanke abin da za ki biya, zai duba darajar ginin da kayan ciki, da unguwar da gidan yake, sannan a fom ɗin akwai tambaya: kin taɓa yin asara ta gobara, ambaliya ko sata? Kin taɓa neman diyya? A wurinsu, abin da ya faru jiya yana iya sake faruwa gobe.

Ba kowace diyya ce take tayar musu da hankali ba. Guguwa ta yaye kwanon rufi sau ɗaya, wannan kowa na iya samu. Abin da suka fi kallo shi ne maimaici. A ce gida a Rigasa ya yi gobara sau biyu, duka daga wayar wuta. Kamfani zai ɗauka wayar ce ba a gyara ba. Zai iya ƙara kuɗin shekara, ko ya ƙara kason asarar da mai gida zai ɗauka da kansa, ko ma ya ƙi sabuntawa. Haka gidan da ke bakin kwari ko kusa da Kogin Kaduna, wanda ya yi babbar ambaliya a 2003 da 2012. Kuma ku lura, inshorar gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ruwa, sai an rubuta ambaliya a cikin takardar.

Wannan kason da na ambata, mu yi masa lissafi. A ce takardarki ta ce naira dubu 50 ta farko a kowace asara taki ce. Risho ya kama labule da katifa, asarar ta kai dubu 70. Kamfani zai ba ki dubu 20 kawai, amma ya rubuta cewa kin nemi diyya. Ni a ganina, irin wannan gara a rufe ta da rance daga ƙungiya, a bar inshora don ranar da ɗaki ya tashi gaba ɗaya. Amma ko ba ki nemi diyya ba, idan fom ya tambayi asarar baya, ki faɗa.

Nan ne wasu ke cutar kansu. Sai a canja kamfani, a rubuta "ban taɓa ba". Ranar da babbar gobara ta zo, mai binciken asara ya tambayi maƙwabta, gaskiya ta fito, kamfani na da damar ƙin biya. An yi ta zuba kuɗi a banza ke nan. Idan wani ne ya cike miki fom, ki sa a karanta miki da Hausa kafin ki dangwala.

Masu tambayata batun addini, akwai takaful. Hukumar NAICOM mai kula da inshora ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. A tsarin, idan kuɗi ya yi rara a asusu, ana raba wa mahalarta, galibi waɗanda ba su karɓi diyya ba a shekarar. Ke nan ƙaramar diyya na iya hana ki wannan rabo.

Idan kin taɓa karɓar diyya, ki gyara musabbabin, ki ajiye rasit ɗin mai gyaran wuta ko na magini, ki ɗauki hoto a waya, ki nuna lokacin sabuntawa. Ki nemi farashin kamfani biyu ko uku.

Aikin mako: masu inshora su zo da takardarsu, ko ta maigida, zama mai zuwa, mu nemo layin da aka rubuta wannan kason tare.