Ba ciwon haƙori ba ne

Tun daga bakin labule warin ya tarbe ni, na san akwai matsala. Na ce, "Baba, sannu. Daure ka buɗe mini bakinka." Da ƙyar ya iya. Ina haska tocila sai ga baƙin tabo shimfiɗe a ganɗarsa ta dama, kamar an ɗora garwashi an ɗauke. Na soka tsinke a wurin, na tambaye shi ko ya ji, ya girgiza kai. Ko ɗigon jini bai fito ba. Idonsa na dama ya kumbura ya turo waje, fatar ta sauka ta rufe shi, da na ɗaga ta kuwa ƙwayar idon ba ta motsi ko ta ina. Kwanansa biyar ke nan a gadonmu, wata guda kuma da fara ciwon.

Ɗan kasuwar hatsi ne, ya ba hamsin baya, yana fama da ciwon suga shekara da shekaru, magani kuma sai ranar da ya tuna. Babban ɗansa ne ya zaunar da ni a baranda ya warware mini yadda aka yi. Da ciwon haƙorin sama abin ya fara, da ciwon kai na ɓari guda, da toshewar hanci ta wannan ɓarin. Aka je kemis ɗin unguwa. Mai kemis ya ƙulla masa haɗi a leda, ƙwayoyi kala biyar ba suna ba kwali, ya ɗora shi a kan allura safe da yamma. Kwana biyu zafin ya lafa, cin abinci ya buɗe, sai Baba ya ce ai yaron nan ya san aiki. Ya ci gaba da zuwa har kwana goma. Na ce wa ɗan ya koma ya karɓo mini kwalbar allurar. Deksametason ce, wato sitiroyid.

Mutum mai suga, a ɗirka masa deksa kwana goma ba tare da an soki ɗan yatsansa sau ɗaya ba! Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Daga nan haƙoran wurin suka fara girgiɗa, ba ɗaya ba, uku a jere. Aka kai shi wurin mai cire haƙori a kasuwa. Ɗan ya ce, "Likita, ko ƙarfi bai sa ba, haƙorin ya biyo shi." Duk wanda ya san aikin baki ya san haƙoran da suka saki a jere cikin mako guda, a bakin mai suga, ƙashin da ke riƙe da su ne yake mutuwa. Ramin bai warke ba, ya yi baƙi. Kunci ya mutu, Baba ya ce ji yake kamar ba nasa ba.

Sai wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Nan aka ɗebi jini aka yi gwajin Waidal, aka ce taifod ce da maleriya. Mutum fuskarsa a kumbure ɓari guda, hancinsa na fitar da baƙin ruwa, amma taifod aka gani. Aka yi masa seftiriyazon kwana biyar, bai yi ba, aka koma sifuro, aka ƙara da jentamaisin, sannan aka sake ba shi sitiroyid wai don kumburin ya sauka. Da fatar idon ta faɗi, dangi suka ce wannan ba na asibiti ba ne, jifa ne, aka mai da shi gida aka shiga hayaƙi da shafe-shafe. Ba ni da faɗa da addu'a, ni ma ita nake yi kafin na shiga wurin aiki. Amma kwana huɗu aka yi a gida, cutar kuwa ba ta tsaya jiran kowa ba.

A sume aka kawo mana shi cikin dare. Na'urar awon suga ta kasa ba da lamba, HI kawai ta rubuta, fitsari cike da kiton. Abokan aikina sun yi ƙoƙari a nan, suka farfaɗo da shi da insulin da ƙarin ruwa. To amma mu ma sai muka ɗora namu a kan na baya. Aka ɗauki ciwon a matsayin kumburin kwarmin ido na bakteriya, aka sa maganin bakteriya mafi ƙarfi da tsada. A kwana na biyu an leƙa hancinsa, an ga baƙin ɓawo, an gutsuro tsoka. Daidai ne. Sai aka zuba tsokar gaba ɗayanta cikin fomalin aka aika sashen nazarin nama. Mu a ɗakin ƙwayoyin cuta abin da ya iso mana tsinken auduga ne da aka goga a ƙofar hanci, takardar kuma ba a rubuta komai a kanta ba sai suna da lambar gado. Ba a ce mai suga ne ba, ba a ce ya sha sitiroyid ba, ba a ce ga abin da ake zargi ba. Audugar ta tsirar da irin bakteriyar da ke zaune a hancin kowa, aka sake canja magani saboda ita. Wani kuma ya ƙara fulkonazol, wai ko da fangas ne. Fulkonazol ba ya taɓa irin fangas ɗin da ya kama shi ko kaɗan.

Da na ga tabon nan, ban jira komai ba. Na kankaro gefensa, inda mataccen nama ya haɗu da mai rai, na ruga da shi da kaina. Ɗigon KOH, gilashi, minti ashirin. A ƙarƙashin madubi ga su nan kwance: zaruruwa masu faɗi kamar an yayyanka ƙyalle, ba gaɓoɓi, rassansu na fita a tsaye. Mukomaikosis. Bayan kwana biyu farantin gwajin da aka shuka naman ya cika da toka-tokar auduga har ta tokare murfi, raizofus ce, irin fumfunar nan da ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu. Kowa na shaƙar ƙurarta kullum, mai lafiya ba ta yi masa komai. Amma inda suga ya hau, jini ya yi tsami, ƙarfen cikin jini ya saku, sitiroyid kuma ya ɗaure hannun fararen ƙwayoyin jini, to faɗuwa ta zo daidai da zama. Jijiyoyin jini take shiga ta toshe, naman gabanta ya mutu, shi ya sa tabon ba ya jini, shi ya sa maganin da aka ɗura a jijiya ba ya isa wurin sai an yanke.

Minti ashirin. Aikin da za a iya yi tun kwana na biyu da an raba tsokar nan gida biyu.

Amfoterisin, maganin wannan cuta, babu a kantin maganinmu. Ɗan ya kwana biyu yana zaga gari da takarda a hannu. Mai sauƙi ga ƙoda, wato na lifosom, ana ba da aƙalla miligiram 5 ga kowane kilo a rana, kwalba kuma miligiram 50 ce. Mutum mai kilo 60 kwalba shida ke nan kullum, makonni a jere. Da aka gaya masa kuɗin kwalba ɗaya sai ya zauna a ƙasa. Tsohon samfurin muka samu. Ga ƙodar da suga ya ci, jentamaisin da magungunan zafi na kemis suka ƙarasa, ga rawar ɗari duk lokacin da aka ɗaura, ga fotasiyam na zubewa muna bi muna cikawa. Likitocin tiyata suka ce sai an cire ganɗa da ƙashin kunci da idon. Uwargidansa ta riƙe hannuna ta ce, "Likita, har da idon?" Na ce, "Mama, idon ya riga ya tafi, ransa muke nema." Aka ce sai yayansa ya iso daga ƙauye ya sa hannu. Wani yinin ya sake tafiya. An yi aikin, amma hoton CT ya riga ya nuna ta haura ƙwaƙwalwa. A kwana na goma sha biyu da kwantar da shi, da asuba, Allah ya karɓi abinsa. Sakamakon tsokar fomalin ya fito bayan an yi sadakar uku. Ihu bayan hari.

Rai na Allah ne, ban musa ba. Amma wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 kan masu kansar jini da suka kamu da wannan cuta ya nuna cewa waɗanda aka yi jinkirin kwana shida ko fiye kafin a fara musu amfoterisin, kusan kashi 83 cikin ɗari sun rasu, waɗanda aka fara wa da wuri kuwa kusan kashi 49. Kwana shida ake magana. Baba ya yi wata guda.

Mai suga da ya zo da ciwon fuska na ɓari guda, a auna sugansa, a haska hancinsa da ganɗarsa. Baƙin tabo ba a kwana da shi. Ba a ba mai suga deksa a kemis. Tsokar gwaji a raba ta biyu: rabi a fomalin, rabi a ruwan gishirin ƙarin ruwa cikin kwalba mai tsabta, kuma a kawo a lokacin.

Wanda yake ganin ƙari nake yi ya tuna Indiya a 2021. Lokacin da korona ta dawo karo na biyu aka shiga rabon sitiroyid ba kai ba gindi a ƙasar da masu suga suka yi yawa, cikin 'yan watanni aka lissafa mutum sama da dubu arba'in da wannan cuta, da yawa suka rasa ido ko muƙamuƙi. Mu a nan deksa ba ta buƙatar annoba. Ana ba da ita don ciwon gwiwa, don mura, don ƙaiƙayi, 'yan mata na shan ta don ƙiba, ana zuba ta a haɗin da ba a faɗi abin da ke ciki. In kuma ka daɗe kana sha, kada ka yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ka zo a sauke ka a hankali.

Ba masu suga kaɗai fumfuna ke kamawa ba. Mai cutar ƙanjamau da CD4 ɗinsa ya faɗi, ko wanda ya bar shan maganinsa, in ya yi mako biyu da ciwon kai, ku daina cewa taifod. Gwajin fumfunar kiriftokokus na ɗan tsinke minti goma yake ɗauka, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a yi wa duk wanda CD4 ɗinsa ya gaza 100 ko da bai yi ƙorafin komai ba. An ƙiyasta cewa a 2020 sanƙarau na kiriftokokus ya kashe mutum kusan 112,000 a duniya, kusan ɗaya cikin biyar na mace-macen ƙanjamau, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. Amma har gobe dangi na gudu da mara lafiya da daddare saboda an ce za a ɗebi ruwan bayansa. Ɗibar ruwan nan ita ke rage matsin da ke makantar da shi. Masu dashen ƙoda, masu shan maganin kansa, jariran da aka haifa bakwaini, duk layinsu ɗaya.

Akwai kuma tarin da ba tibi ba. Wata baiwar Allah da ke kan firednisolon saboda ciwon ƙoda ta yi wata huɗu tana shan maganin tibi, alhali GeneXpert ya ce babu har sau biyu, tana ta ramewa. Da aka rina majinarta da rini mai sassaucin asid sai ga siraran zaruruwa masu rassa kamar an jera tsakiya. Nokadiya ce, bakteriya ce ba fumfuna ba, maganinta kuma Septrin ne na tsawon watanni. Ta tashi. Nokadiya ba ta sauri, takan yi mako ko biyu kafin ta nuna kanta a faranti, mu kuwa an saba awa 48 in babu komai a rubuta babu a zubar. In ba ka rubuta mana abin da kake zargi ba, ta yaya za mu san farantin da za mu ajiye? Haka wanda ya warke daga tibi ya ci gaba da tarin jini, ana ta maimaita masa maganin tibi, alhali fumfunar asfajilas ce ta yi sheƙa a ramin da tibin ya bari. Ko an gano ma, in aka haɗa maganinta itirakonazol da rifamfisin na tibi an yi aikin banza, rifamfisin zai kore shi daga jini. Histofilazma ma haka take shigar burtu da rigar tibi.

A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 da ta ce a sa musu ido, kuma ajin wadda ta kashe Baba na ciki. Ana kiransu cututtukan da ba kasafai ake gani ba. Ni dai abin da na sani, a ɗakin gwajin da babu KOH, babu tawadar Indiya, babu farantin fumfuna, ba za a taɓa ganinsu ba, sai a rubuta taifod a rufe fayil. Kwalbar KOH ba ta kai kuɗin allurar seftiriyazon ta kwana biyar ba.

Ga abokan aiki kuma, in maganin bakteriya ya yi kwana uku bai yi ba a jikin mai raunin garkuwa, canja shi da wanda ya fi tsada ba bincike ba ne. Kada ku jira gwajin jini ya tsirar da mukomaikosis, kusan ba ya tsirarwa. Kada ku aiko mana da auduga inda ake buƙatar tsoka. Ku kuma na ɗakin gwaji, kada ku niƙa tsokar, yayyanka ta za ku yi, niƙa na kashe zaruruwan. Ku rubuta tarihin mara lafiya a takarda, layi biyu ya isa. Fomalin kuma, don Allah, rabi kawai.

Bayan mako biyu ɗan ya dawo da kwalaben amfoterisin huɗu da suka rage, ya ce a ba wani mabuƙaci sadaka ga mahaifinsa. Ya zo da ƙanwarsa, ita ma an ce tana da suga, gwiwarta na ciwo, kuma tun watan jiya take karɓar haɗi a kemis ɗin nan. Na ce ta zazzage ledar a kan tebur. Ƙananan fararen ƙwayoyin deksa na ciki. Na ce, "Ƙanwata, miƙo yatsanki," na aika a kawo na'urar awon suga.