Darasin Noma: Yadda Ake Tambayar Ƙasa Abin da Take Buƙata

Iyayenmu manoma a Katanga da kewaye suna yawan cewa ƙasa ta gaji, ga kuma tsadar taki. Manomi kan sayar da akuya ya sayi buhu, ya zuba, amma amfani bai kai yadda ya yi fata ba. Wannan mako za mu duba yadda ɗaliban aikin gona a jami'a suke koyon warware wannan matsala da hannunsu.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana da tsangayar aikin gona, da gonar koyarwa da bincike a Jega. A jami'o'in Nijeriya digirin noma shekara 5 ne, kuma shekara ta huɗu ta aiki a gona ce. Malami kan ba ɗalibai tambaya, su kuma su nemo amsa daga ƙasar kanta. Misali: tsakanin kashin shanu da takin zamani, wane ya fi wa albasa?

Ga matakan da suke bi:

1. Ɗibar ƙasa. Ana haƙa zurfin kamar santimita 20 a wurare dabam-dabam na gonar, a gauraya, a shanya a inuwa, sannan a kai ɗakin gwaji a auna tsaminta da sinadaranta.

2. Yanka fangali. Na farko ba taki, na biyu takin gargajiya, na uku takin zamani, na huɗu a haɗa biyun. Fangalin da ba taki shi ne ma'auni. In babu shi, ba a san abin da takin ya ƙara ba.

3. Maimaitawa. Kowane iri ana yin sa aƙalla sau uku a gurabe dabam, don kada wani lungu mai danshi ya ruɗi mai gwaji.

4. Awo da rubutu. Tsawon shuka, yawan ganye, da nauyin amfani ranar girbi, duk a littafi.

Shuka kanta tana magana. In tsofaffin ganyen masara suka yi rawaya, galibi naitirojin ne ya yi ƙaranci. In suka yi ja-ja mai duhu, fosforas ne. In gefensu ya ƙone, fotashiyam ne. Lissafi ma yana da amfani: yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, wato buhu mai kilo 50 yana da kilo 23. Buhun NPK 15-15-15 kuwa kilo 7.5 yake da shi na kowane ɗaya daga sinadaran uku.

Gwaji ya kuma gaskata hikimar kakanninmu. Saiwar wake da gyaɗa tana da ƙulle-ƙulle masu ƙwayoyin halitta da ke kamo naitirojin daga iska, shi ya sa ake haɗa su da gero. Gawo kuma yakan zubar da ganye da damina, ya taki ƙasa ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba.

Ba sai mun shiga jami'a za mu fara ba, domin gani ya kori ji. Muna roƙon malaminmu na noma ya ware mana fili a bayan aji. Kowane aji ya ɗauki fangali huɗu, ya naɗa mai riƙe littafin awo. Bayan girbi za mu lika sakamakon a wannan allo, kowa ya kwafa ya kai gida.