Yadda Sabon Kamfani Zai Sami Shiga Jarida Da Rediyo

Ya kamata Hakimai da malamansu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram su lura da wannan. Samari sukan haɗa jari su kafa injin casar shinkafa, amma sana'ar ta mutu, gama labarinta bai wuce kasuwar Sara ba.

Talla dabam, labari dabam. Talla saye ake yi. Labari kuwa kyauta edita ke ɗauka, in ya ga amfaninsa ga jama'a, kamar yadda Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin 1939, ta riƙa buga wasiƙun masu karatu.

Saboda haka in samarin sun zo, malami ya rubuta musu gajeriyar takarda mai nuna:

1. Abin da aka kafa, da wuri, da rana.
2. Mutum nawa suka sami aiki.
3. Wanda za a tambaya.

Sa'an nan a aika wa Rediyon Jigawa a Dutse, ko jaridar Aminiya. Ban da kirari, kada kuma a ƙara ko buhu guda. In edita ya kama ƙarya sau ɗaya ya rufe ƙofa ke nan, sunan gunduma kuwa ya ɓaci. Lalle Hakimi ya duba kafin ya sa hannu.