Yadda Ake Taɓa Hanyar Iskar Mota Ba Tare da Kashe Inji ko Zubar da Garanti Ba

Da zarar albasa ta fara fitowa daga fadamun Tarka da Magiya a ƙarshen hunturu, motocin kaya ba su da hutu tsakanin Karofane da Buza da Keita da Madawa, har zuwa Galmi inda manyan tireloli ke lodin Gana da Kwaddibuwa. Kaya sun yi nauyi, ga hawa da gangara na duwatsun Adar, direba na jin mota tana nishi. A irin wannan lokaci ne ake jin shawara a gareji: "Maigida, motarka ba ta samun iska. A cire wannan akwatin iskar a sa mata ƙaramar filta, za ka ji ƙarfi." Wani kuma ya ce a huda akwatin, wani ya ce a kafa mata dogon bututun nan da ke hawa gefen gilashi.

Daga cikin waɗannan dabaru akwai mai amfani, akwai kuma mai cinye inji cikin kaka ɗaya. Ƙa'idar da ke raba su guda ce: abin da ke gaban filta ana iya gyara shi da lura, amma ita filtar da duk abin da ke bayanta har cikin inji a bar su yadda kamfani ya ƙera. Ga matakan da za a bi.

Mataki na 1: San abin da filta ke tare maka

Kafin injin dizal ya ƙone lita ɗaya ta gazuwal sai ya shaƙi iska aƙalla lita 10,000. Iskar ƙasarmu kuwa ba tsarkakakkiya ba ce. Daga Nuwamba zuwa Maris hazo na tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ya rufe sararin Tawa, ga kuma ƙurar hanyoyin jar ƙasa da motar gabanka ke tayarwa. Mafi yawan wannan ƙura garin yashi ne, kuma ƙwayar yashi ta fi ƙarfen bangon silinda tauri. In ta shiga, tana cakuɗuwa da baƙin mai tana goge ringi da bangon silinda a kowane bugun fistan. In motar mai turbo ce, fukafukan turbon da kan yi zagaye 100,000 ko fiye a minti su ne ke fara cinyewa.

Filtar takarda mai kyau ta manyan motoci tana tare kusan kashi 99.9 cikin 100 na ƙura. Wata filtar da ke tare kashi 99 sai mutum ya ga kamar ɗaya suke, alhali ƙurar da take bari ta wuce ta ninka ta farko sau goma. Wannan ɗan bambanci shi ne tsakanin injin da zai yi shekaru yana aiki da wanda za a sauke kafin wata albasar.

Mataki na 2: Nemo ainihin abin da ya rage wa motar ƙarfi

Injiniyoyin da suka ƙera motar sun auna akwatin iska daidai da bukatar injin, har da rara. Ƙarfin injin dizal ya dogara ne da yawan man da famfo ko kwamfutar mota ke turawa, don haka buɗe bakin iska kaɗai ba ya ƙara wani abin kirki. Ƙara ce ke ƙaruwa, kunne ya ɗauka ƙarfi ne. In mota na fitar da baƙin hayaƙi tana kasa hawa, a bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya: filtar iska ta toshe ko ba ta toshe ba, filtar gazuwal ta cika da datti ko ruwa, tiyon da ke tsakanin turbo da inji ya tsage yana zubar da iska, nozul ta gaji, kuloc na sulɓewa, birki na riƙe ƙafa. A kuma faɗa wa kai gaskiya game da lodi. Motar da aka ɗora wa ninkin abin da aka ƙera ta ta ɗauka, babu filtar da za ta sa ta tashi a kan tudu.

Mataki na 3: Tantance irin garantin da kake da shi

Masu mota a nan kashi uku ne. Na farko shi ne wanda ya sayi sabuwa dal daga wakilin kamfani, misali Hilux ko Land Cruiser daga CFAO a Yamai. Nan ne motocin ƙungiyoyi da ma'aikatu da ƴan kwangila suka fi yawa. Garantin Toyota yawanci shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Littafin garanti ya kan fayyace cewa lalacewar da canji ko kayan da ba na kamfani ba suka jawo, ba a biyan ta. Lalacewar da ƙura ta yi kuwa ba ta ɓuya. Bakanike na buɗe tiyo zai ga jar ƙasa a ciki, ya ga gefen fukafukan turbo sun cinye, ya ga bangon silinda ya yi sumul yana ƙyalli. Daga nan magana ta ƙare.

Masu kallon bidiyon gyaran mota a waya su yi hattara da abin da suke ji daga Amurka. Can akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa wani kaya na waje, sai in kayan ne ya jawo ɓarnar. Wannan dokar Amurka ce, ba ta aiki a Nijar ko Najeriya. A nan takardar da ka sa wa hannu ita ce hujjarka. Don haka kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, ka je wurin wakilin, ka faɗi abin da kake so a yi, ka nemi amsa a rubuce. Mafi sauƙi, su sa maka kayansu da hannunsu, su rubuta a littafin sabis, ka ajiye rasit.

Kashi na biyu na masu mota shi ne mai tsohuwar mota da ta shigo ta Kwatano ko Lome, irin su DAF da MAN da Renault da Marsandi. Shi ba shi da garantin kamfani, duk abin da ya faru daga aljihunsa ne, don haka shi ya fi kowa bukatar taka-tsantsan. Na uku shi ne wanda bai daɗe da sa injin kwance ba, ko wanda aka yi wa ringi, bakanike ya ɗauki alkawarin cewa in wani abu ya taso cikin ƴan makonni zai gyara. Wannan alkawari ma garanti ne, kuma yana warwarewa ranar da wani ya taɓa hanyar iskar ba da saninsa ba. Ka gaya masa tukuna, gaban shaida.

Mataki na 4: Guji waɗannan canje-canje guda huɗu

Na farko, cire akwati a sa buɗaɗɗiyar filta mai siffar mazurari a cikin bonet. Bayan ƙurar da take sha, iskar da ke kewaye da inji take zuƙa, mai zafi. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kaurin iska da kusan kashi 3 cikin 100. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin waje kansa ya haura digiri 40, ƙarfin da aka je nema raguwa zai yi.

Na biyu, filtar yadi da ake shafa wa mai. An yi ta ne don tsere. Ramukanta sun fi na takarda faɗi, kuma a motocin zamani man da ke jikinta kan manne a kan na'urar auna iska da ke bayan akwati, sai kwamfuta ta riƙa samun lissafin ƙarya, fitilar inji ta kama, shan mai ya ƙaru.

Na uku, huda akwati ko cire ƙaramar filtar ciki. Manyan motoci da yawa filta biyu gare su, babba a waje, siririya a cikinta. Siririyar ita ce mai gadi na ƙarshe in babbar ta yage ko lokacin da ake canza ta.

Na huɗu, filtar jabu, ko wadda ba girman motar ba aka cusa ta aka cike gefe da roba ko tsumma. Ka gwada sabuwa da tsohuwa ta asali gefe da gefe: tsawo, faɗin baki, laushin robar baki, yawan ninkin takarda. In ta yi sakayau a hannu kuma ninkinta kaɗan ne, ka mayar.

Mataki na 5: In za a ƙara wani abu, a ƙara shi gaban filta

Abu biyu ne ke da amfani na gaske a hanyoyinmu. Ɗaya shi ne ɗaga bakin iska sama da dogon bututu, domin ƙura ta fi kauri a kusa da tayoyi. Ɗaya kuma shi ne kwanon tace ƙura da ake ɗorawa a kan bututun, wanda ke juya iska kamar guguwa ya jefar da manyan ƙwayoyi kafin su kai ga filta. Aikinsa irin na layukan dogon yaro ne da aka fara dasawa a kwarin Magiya tun 1975: iska na wucewa, amma yashin da take ɗauke da shi ya zube kafin ya kai gona.

Wajen sawa, a bi wannan tsari. A sayi wanda aka ƙera don irin motarka, kada faɗinsa ya gaza na bakin akwatin asali, domin matsattsen bututu shaƙe inji yake yi. Kafin a fara huda ko yanka, a cire filta a toshe tiyon da ke shiga inji da tsumma mai tsabta, a tabbata an fitar da shi bayan an gama, a share garin ƙarfe da na roba tas. Kowace mahaɗa a sa mata gam mai jure zafi da maɗaurin ƙarfe mai ƙusa. Igiyar roba da waya ba sa riƙe iska. Kada a toshe ɗan bakin robar da ke ƙasan akwati, ta nan ƙura da ruwan sama ke fita. A ɗaure bututun da jikin mota sosai, don girgizar hanya ita ce ke tsaga mahaɗa. In ba a sa kwano ba, kuma ana yawan tafiya a bayan wasu motoci, a juya bakin bututun ya kalli baya.

Dogon bututu ba lasisin shiga ruwa ba ne. Da damina, ƙoramun Adar kan cika cikin ɗan lokaci bayan ruwan sama, kuma ruwa mai gudu yana iya tafiya da mota ko injinta na aiki. Hilux na ƴan shekarun nan mai jan ƙafa huɗu, zurfin ruwa santimita 70 kamfani ya ƙayyade masa, kuma bututu ba ya kare giya da aksul da wayoyin lantarki. In ruwa ya shiga silinda ba ya matsuwa kamar iska, sai sandar fistan ta lanƙwashe. Idan mota ta mutu a cikin ruwa, kada a sake murza makulli. A jawo ta waje, bakanike ya cire nozul ya fitar da ruwan, a yi juyen mai, a sa sabuwar filta.

Mataki na 6: Gwada aikin bayan tafiyar farko

Bayan an je Madawa an dawo, a kashe inji, a goge wajen akwati, a kwance tiyon da ke bayan filta, a shafa farin ƙyalle a cikinsa. Ya kamata ya fito fari. In ya ɗauko ja ko toka-toka, akwai inda ƙura ke shiga, kuma motar ba ta sake fita sai an gano wurin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a duba robar bakin filta, da murfin akwati, da ninkin tiyo ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Alamomin da ke nuna ɓarna ta riga ta fara su ne shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi, wahalar tashi da safe, da huci mai ƙarfi daga bakin zuba mai.

Mataki na 7: Koya wa direba da yaron mota kula da filta

Yawan buɗe akwati kansa haɗari ne, domin duk buɗewa ƙura na samun hanya. Motocin da ke da ɗan ma'aunin toshewa a jikin tiyo, a jira ya nuna ja kafin a taɓa filta. Kwanon ƙura da bakin robar ƙasa kuwa a zazzage su kullum a lokacin hazo. Kada a buga filta a jikin taya ko dutse, robarta ke lanƙwashewa, takardarta ta tsage. In dole sai an busa ta da injin iskar mai faci, a rage ƙarfin kada ya wuce bar 2, a busa daga ciki zuwa waje, a nesanta bakin tiyon da takarda. Bayan haka a shiga wuri mai duhu a sa tocila a cikinta. In haske ya fito ta ko da ɗan rami ɗaya, ta gama aiki. Siririyar ta ciki ba a busa ta ba a wanke ta, canza ta ake yi, yawanci a canji na uku na babbar. Tsofaffin motoci masu filtar kwanon mai, a zuba mai daidai layin da aka zana, don in ya wuce inji na iya zuƙe shi.

Maigida ya sa a riƙa ajiye sabuwar filta guda cikin ledarta a bayan kujera duk lokacin jigilar albasa, kuma ya gaya wa direba a fili cewa kuɗinta na kan mai mota. Direban da ke tsoron a cire masa kuɗin filta daga ladansa shi ne ke busa tsohuwa har ta yage, shi ne kuma ke karɓar shawarar huda akwati a bakin hanya. Kuɗin filta goma bai kai na sauke inji sau ɗaya ba, ban da makonnin da motar za ta yi a gareji lokacin da kowa ke neman motar haya.