Filin Shawarwari: Tiyo ya fashe a bango, laifi ya faɗo kaina

Malam,

Daga Dogondutsi nake rubuto maka, zuciyata a cike. Maigidana yana ci-rani a Kwatano, ni da yara muna gidansu tare da Inna, mahaifiyarsa. Bara ya aiko da kuɗi aka ja mini famfo har makewayina don in huta da sayen ruwa. Ƙanensa ne ya tsaya kan aikin, shi ya kawo mai gyaran. Ba a tambaye ni komai ba.

Watan jiya na tafi Tibiri sunan ɗiyar ƙanwata, da izinin Inna na tafi. Ina can aka bugo mini waya wai in zo, ruwa ya cika ɗakina. Malam, abin da na tarar ba ya faɗuwa. Katifa ta sha ruwa, zannuwan da uwata ta yi mini na aure sun zuba sun rine juna, buhun hatsi da na wake sun jiƙe. Bangon da ke tsakanin ɗakina da makewayi ya tsage tun daga ƙasa.

Amma ba asarar ce ta hana ni barci ba. Ko jakata ban sauke ba Inna ta ce a gaban matan maƙwabta: "Ai famfo ta bari buɗe." Allah ne shaidata, ban bar shi buɗe ba. Mai gyara ya zo ya tona, kowa ya gani da idonsa tiyo ne ya fashe cikin bango, amma har yau ba ta janye maganarta ba. Ƙanen mijina yana shiga yana fita kamar ba shi ya kawo mai aikin ba. Da faktir ta zo da kuɗi masu yawa, a ƙofar ɗakina aka ajiye ta. Mijina kuwa ta waya "ki yi haƙuri" kawai ya sani. Ko sannu ba wanda ya ce mini a gidan nan. Ni da ko cokalin Inna ban taɓa ɓatarwa ba, ni ce yau mai barin famfo buɗe?

Yayata ta ce in tattara in koma gidanmu sai sun zo biko. Malam, yaya zan yi Inna ta faɗa a gaban matan nan cewa ba ni ba ce?

Wata 'yar'uwa, Dogondutsi

*

Ɗiyata,

Sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Tunda a gidan ba a faɗa ba, ga shi na faɗa.

Yanzu ki saurari faɗana. Kin cika takarda da kalma guda ta Inna, amma ba ki gaya mini bangon na laka ne ko na siminti ba, ba ki ce sunan wa ke kan kontar ba, ba ki ce ko kin taɓa ganin danshi a gindin bangon kafin tafiyarki ba. Mafi muni, ba ki ce ina kike kwana da yaran ba. Zan ɗauka na laka ne, kamar yawancin gidajenmu na Arewa. In haka ne kuma kuna kwana ƙarƙashinsa, ku fita daga ɗakin yau, ba gobe ba. Bangon laka da ya sha ruwa ta gindi yana iya tsayawa makonni sannan ya zauna lokaci guda. Mun ga yadda daminar 2024 ta yi da gine-ginen laka a ƙasar nan, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe a watan Satumba. Wancan ruwan sama ne, ana jin zuwansa. Na tiyo kuwa shiru yake ci. A kira magini ya duba, a bar bangon ya bushe sosai. Kada a yarda a shafe tsagar da siminti don a rufe kunya, domin siminti kan jiƙaƙƙiyar laka kulle danshi yake yi a ciki. In akwai wayar wuta a jikin bangon, a kashe ta har mai lantarki ya gani.

Abin da nake ta faɗa a filin nan shi zan maimaita: ba a binne tiyo cikin bangon laka. Ko kaɗan. Tiyo ya bi ƙasa nesa da tushen gini, ya fito a tsakar gida inda ido ke ganinsa, a yi masa dakalin siminti da hanyar da ruwa zai bi ya fita. Mutane suna son a ɓoye shi don ado, irin na gidajen Yamai, sun manta can bulo ne da kankare.

Kuma tiyo ba kasafai yake fashewa haka kawai ba. Na roba iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai kauri da aka yi don ruwan famfo, akwai marar kauri na ruwan wanka da wanke-wanke, wanda ya fi araha. In kuɗin aiki ya bi hannu biyu ko uku, sau da yawa marar kaurin ne ke shiga bango. Wasu masu gyara kuma wuta suke kara wa bakin tiyo ya yi laushi su cusa wani ciki, maimakon su sa mahaɗi da gam. Wanda aka bari a fili, ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tana gasa shi har ya zama mai saurin karyewa. Sai ruwa ya ɗauke, ya dawo cikin dare da iska a gabansa, ya daki gwiwar tiyon da ƙarfi. Nan yake buɗewa. Ƙasarmu ta Dallol Mawri rairayi ce, tana shanye yoyo ba tare da an ga komai a sama ba, shi ya sa bango ko faktir ke fara ba da labari.

Ki yi lissafi da kanki. Yoyon da ke zubar da lita 1 a minti, lita 1,440 ke nan a kwana guda, sama da bido 57 masu lita 25. A wata ya wuce lita 43,000, kuma kontar ba ta barin ko lita guda.

Gane shi ba wuya. Da dare a rufe kowane famfo na gidan, a rubuta lambar da ke kan kontar, da asuba a sake dubawa kafin kowa ya ɗebi ruwa. In lambar ta motsa, akwai yoyo. Wannan aikin ko yaro ɗan makaranta zai iya, sau ɗaya a wata ya isa. Sannan kusa da kontar akwai makullin da ke tsayar da ruwan gida gaba ɗaya. Tambayar da ya kamata ki yi mini ita ce: me ya sa a gida cike da mutane ba wanda ya rufe shi kafin ruwa ya kai ga katifa? Na san amsar. A gidajenmu maza ne suka san inda yake, su kuma suna Kwatano ko Legas, matan da ke wuni da famfon ba a taɓa nuna musu ba. Ki sa a nuna miki, a nuna wa Inna, a kuma sa wani ƙaramin makulli a kan tiyon da ya nufi sashenki. Duk mai tafiyar kwana ya rufe nasa.

Batun faktir: daga titi zuwa kontar na kamfani ne, wato NDE da ta karɓi aikin daga SEEN a farkon 2024. Daga kontar zuwa cikin gida na mai gida ne. Saboda haka biya ya hau kan wanda sunansa ke kan takardar, ba kan wadda aka ajiye ta a ƙofarta ba. Shi zai je ofishinsu ya yi bayani, ya roƙi a raba masa biyan. Hatsi da wake a shanya su a rana mai ƙarfi, wanda ya yi fumfuna a zubar, ko kaji kada a ba.

Inna kuwa ba za ta tsaya gaban mata ta ce ta yi kuskure ba, kada ki ɓata shekarunki kina jira. Ba ke take nufi ba, ɗanta take karewa, don ta san in ba famfo buɗe ba ne to aikin ƙanen mijinki ne. Matan nan sun ga tiyon, sun riga sun yanke hukuncinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kada ki bar masu zuga su shiga tsakaninku.

Wanda za ki matsa wa shi ne mijinki, don "ki yi haƙuri" ba ta gyara bango. Ki ɗauki hoton fasasshen tiyon da na tsagar ki aika masa ta WhatsApp. Ki nemi abu uku: magini kafin damina, sabon tiyo a waje da bango, da kuma cewa wannan karon a gabanki za a sayo kayan aikin.