Darasin Wannan Wata: Abin da Ido Bai Gani Ba, Fim Ya Nuna

Manya da yawa a karkara suna tune da motar majigi. Takan zo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a dandali, jama'a su taru su sha kallo. A yau kuwa ana kallo a talabijin ko a wayar hannu.

Ba kowane fim ne wasan kwaikwayo ba. Akwai wanda ake ɗaukar dabbobi da tsirrai da duwatsu yadda suke a mazauninsu. Masu wannan aiki sukan shiga inda mutum bai saba zuwa ba. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne David Attenborough, Baturen Ingila da aka haifa a 1926. Ya yi fiye da shekara 60 yana wannan aiki tare da gidan talabijin na BBC.

Cikin Kogo

A 2006 BBC ta fitar da wani shiri mai suna Planet Earth, wato Duniyarmu. Shirin kashi 11 ne, kuma an yi shekara 5 ana haɗa shi. Kashi ɗaya a kan koguna na cikin duwatsu ya tsaya.

A tsibirin Borniyo, ɓangaren ƙasar Maleshiya, akwai wani ƙaton kogo. Ƙananan jemagu wajen miliyan 3 ne ke kwana a ciki. Kashinsu ya taru ya yi tudu babba. Kyankyasai da wasu ƙwari suna rayuwa a kan tudun, domin shi ne abincinsu. Da magariba jemagun sukan fito a jere kamar hayaƙi. Su kwana suna cin ƙwari a daji, da asuba su koma. Irin waɗannan jemagu masu cin ƙwari abokan manomi ne, domin suna rage masa ɓarna.

Ƙarƙashin Teku

Rijiya mai gaba 20 ana ce mata mai zurfi. To, a teku hasken rana yakan fara dusashewa a zurfin mita 200. In aka kai mita 1,000, wato fiye da gaba 500, sai duhu ƙirin dare da rana. Ruwan wurin yana da sanyi ƙwarai. Nauyinsa kuma ya fi ƙarfin jikin mutum.

Saboda haka masu fim sukan shiga wani ɗan jirgi mai nutsewa, mai fitilu da gilashi mai kauri. A 2017 BBC ta nuna shirin Blue Planet II, mai kashi 7, a kan rayuwar teku. A ciki an ga kifaye da wasu halittu masu ba da haske da jikinsu, kamar ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Wasu da hasken suke jawo abinci. Wasu da shi suke ruɗa maƙiyansu.

Tsiro Ma Yana Motsi

Kowane manomi ya san kabewa da wake suna yaɗo. Amma ba wanda ya taɓa ganin motsinsu da ido, domin a hankali suke yi. Masu fim sun sami dabara. Sukan kafa kyamara a gaban tsiro, ta riƙa ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗan lokaci, har kwanaki ko makonni. Daga nan sai a jera hotunan, a nuna su da sauri. Da wannan dabara aka yi wani shiri a kan tsirrai a 1995. An ga wani tsiro mai ƙaya yana rarrafe, yana laluben abin da zai kama.

Abin Takaici

Ba abin sha'awa kaɗai kyamara ta gano ba. A shirin teku na 2017 an nuna leda da robobi suna yawo a ruwa, nesa da kowane gari. An nuna yadda wasu manyan tsuntsayen teku ke ciyar da 'ya'yansu da roba, a zatonsu abinci ne. Iska da ruwan sama ke kai shara rafi, rafi ya kai ta kogi, kogi ya kai ta teku.

Wannan ɓarna tana nan a gida ma. Mahauta sukan tarar da dunƙulen leda a tumbin akuya ko saniya. Dabbar da ta haɗiyi leda da yawa takan daina cin abinci, ta rame, wani lokaci har ta mutu. Hasara ce ga mai kiwo. Don haka ya kamata a riƙa zuwa kasuwa da kwando ko jaka. Ledar da aka gama da ita a tara ta wuri ɗaya, nesa da dabbobi da magudanar ruwa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wanda ya gani kuwa ba shi da sauran uzuri.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fitar da shirin Planet Earth?
2. Wane amfani jemagu masu cin ƙwari ke yi wa manomi?
3. Yaya ake ɗaukar motsin tsiro?
4. Rubuta jimla biyu a kan illar leda ga dabbobi.